Idon Gado na Hagu

A bakin kogi, a Gaya, na tabbatar cewa Gado ba ya gani ta hagu, kuma Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Gadar da ke shiga Benin a rufe take a lokacin, sai a kwale-kwale ake tsallakawa. Muna tsaye cikin laka muna jiran namu, ni da tsohuwar jakata a kafaɗa, shi kuwa ya sha farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mai jirgin, wani Bazabarme mai faɗin ƙirji, ya miƙo masa hannu ta hagu don ya kama ya hau. Hannun nan ya tsaya a iska dab da kunnensa, Gado bai kama ba. Yana can yana yi wa wata mata bayanin zurfin kogin, ita kuwa ba ta tambaye shi ba. Sai da mutumin ya taɓa shi sannan ya zabura, ya juyo da kansa gaba ɗaya har da kafaɗa. Na san wannan juyin sarai, don ni ma da shi na fara.

Gado taubashina ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, shekara ɗaya aka haife mu a Dogon Kiriya, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe. A wurinmu taubashi ba ya laifi. Ya zage ka a kasuwa, ya tuɓe maka hula gaban surukanka, ya ce kai bawansa ne, dole ka yi dariya ka rama, ba ka da damar fushi. Duk abin da ya fito daga bakinsa wasa ne, duk abin da ya fito daga naka wasa ne. Shekara sittin ina wannan dariya, kuma rabinta ba ta kai ciki ba.

Don shi aka ɗauka lakwal, wato makarantar boko, ni aka bar ni da hauya. Ya zama malamin makaranta, Mushe Gado kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ana miƙe masa tsaye. Ni na zama Nomau direba, shekara talatin ina jan motar kasuwa tsakanin Dutsi da Dogon Kiriya, ina tono ta daga rairayi. Ban taɓa gaya wa kowa wannan yana cina ba. Abin da ya fi cina kuwa daga baya ya zo, kuma shi ya kai mu bakin kogin nan.

Ciwo ɗaya ya kama mu, hawan jinin ido. Kakarmu da shi ta makance, ko da yake a lokacin cewa aka yi doguwa ce ta shafe ta, aka yi ta yanka awaki a banza. Likita ya ce mana ruwan da ke cikin ido ne ke kasa fita, sai ya matse jijiya, ya riƙa cin gani daga gefe-gefe, ba zafi ba ƙaiƙayi, har mutum ya koma leƙen duniya ta 'yar kafa. Ni na gane nawa ranar da na kaɗe amalanke a bakin kasuwar Dutsi da rana tsaka. Ta gefe ta fito, ban gan ta ba sam. Da aka auna ni aka ce in turo dangi, da aka auna Gado aka same shi da shi.

Shekara huɗu kafin wannan tafiya, mu biyu muka je Lome aka yi mana aikin haske, wanda suke kira leza. Rana ɗaya, kujera ɗaya, likita ɗaya, ni ma aka fara yi wa. Likitar, wata mata 'yar gajeruwa mai sanyin hannu, ta gaya mana wannan ba warkewa ba ce. Hasken buɗe wa ruwan hanya yake yi, hanyar kuma tana iya sake toshewa. Wani ya yi shekara, wani biyu, wani biyar ko fiye, babu mai sani sai da awo. Ta ce kowace shekara mu kai idonmu a duba.

Nawa shekara ɗaya da wata uku ya yi, ya ƙare. Na koma ɗigon magani safe da yamma, idona ja wur kamar na ɗan giya, ina binne kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa don kada zafi ya lalata ta. Na ajiye tuƙi. Gado kuwa sau ɗaya ya je Yamai bayan wata shida, aka ce masa lafiya lau, ya ninke takardar ya sa cikin littafi, bai sake komawa ba. Kowace majalisa ya zauna sai ya ce shi ya warke. Ni kuma ya raɗa mini suna, wai Wanda Haske Ya Ƙi, har matan unguwa suka ɗauka.

Ni ma ba shiru na yi ba. Wurin suna, wurin biki, bakin masallaci, sai in ce, "Naka ma ƙarewa za shi yi, Mushe." Gaskiya nake faɗa, maganar likita ce, amma da baƙin ciki nake faɗar ta, kuma so nake ta tabbata. Jama'a su bushe da dariya, matarsa ta ce aniyata ta bi ni. Shekara da shekaru ina wannan har maganar ta zama gaisuwa, ba mai tsayawa ya ji ta.

Da ɗigon ya daina riƙe nawa idon, aka ce sai an maimaita hasken. Ba na jin Faransanci, kuma bayan aikin mutum na bukatar ɗan rakiya. Gado ya ce, "Wa za shi ja makaho in ba ubangidanai ba?" Haka na tashi neman ceton abin da ya rage na idona, mutumin da na fi ƙyashi a duniya shi ne bakina shi ne sandata.

Daga Malanbil, garin da ke hayin kogin, muka shiga babbar mota zuwa Faraku. Mai yanka tikiti ya dubi tabaran Gado, ya ji Faransancinsa, ya ba shi kujerar gaba kusa da direba. Ni da na yi shekara talatin a gaban mota aka tura ni can ƙurya, tsakanin buhunan albasa da wata mata mai kaji. Daga nan ina hango ƙeyarsa, kuma tunda ba ni da aikin yi sai na sa masa ido. Direban ya miƙa masa goro, ya bar bawan Allah da hannu a miƙe har ya gaji ya jefa abinsa a baki. A Kandi da muka sauka yin salla, ya bugi ƙofar motar da kafaɗar hagu, ya juya yana yi wa ƙofar faɗa. Ina tara su ɗaya bayan ɗaya a raina kamar mai tara damman hatsi, kuma duk wanda na ƙara sai in ji sanyi. Na san mugun hali ne wannan. Sanin bai hana ni ba.

A Faraku muka kwana. Da safe, a teburin wani mai shayi mutumin Tawa, na ga ya kamata in sauke nauyi.

Na ce, "Gado, in mun isa ka bari likitar ta auna ka."

"Ta auna mi?"

"Ijiyarka ta hagu. Ba ka gani da ita."

Ya ajiye kofi, ya tafa hannu, ya dubi mai shayin. "Ka jiya ko? Shekara uku ke nan shina yi mani wagga addu'a. Makaho ne, ni ka jan shi, amma ni yaka gani da ciwo."

Mai shayin ya ce, "Halan taubashinka ne?"

"Awo, bawana ne."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ƙara mini madara kyauta. Ni ma na yi dariyar. Muryata ce ta ci amanata, ta fito da tsohon sautin nan na tsokana, har ni kaina ban san ko gargaɗi na yi ko gori ba. Ban kuma matsa ba. Na ce a raina ai na faɗa, na fita.

A tashar Faraku 'yan kamasho suka yanyame mu. Wani mai jar hula ya kama jakar Gado yana ta kiransa babban malami, ya nuna mana wata ƙaramar mota, wai Lome kai tsaye, saura mutum biyu ta cika. Kallo ɗaya na yi mata na gane. Mutum uku na ciki ba su da ko ƙullin kaya, takalman wanka ne a ƙafarsu, ɗaya ma yana gyangyaɗi irin na wanda ya saba da kujerar. 'Yan zaman cika mota ne. Mu ma muna yin haka a Dutsi, ni da kaina na sha zaunar da mutane. Kuma takardar da ke manne a gilashin ba ta mai tsallaka iyaka ba ce.

Na ja hannun rigarsa na ce, "Motar ga ba ta zuwa Lome."

Ya ce, "Kai da ba ka ji mi anka ce ba? Bar ma masu ilimi zance."

Muna zama mutanen nan uku suka sulale. Muka yi zaman jira har rana ta take, sannan motar ta cika da gaske. A Bohiko direban ya tsaya bakin wata kasuwa, ya sauke jakunkunanmu, ya ce nan ce iyakarsa. Gado ya zuba masa Faransanci mai tsada, da yatsa da komai, mutumin ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ja motarsa ya tafi. An cuce mu tare, rana na dukanmu tare, amma ni daɗi nake ji don nasa ilimin ne aka cuta. Kun ga irin mutumin da na zama.

Mun yi awa uku a wurin. Ƙasar duk kore ce, itatuwa sun rufe ko'ina, iska a jiƙe kamar numfashin saniya. A gida in ka tsaya gindin dutse kana hango mai zuwa tun yana ɗan ɗigo, ka gane shi da tafiyarsa kafin ya iso. A nan taku ashirin sai ganye. Ga wanda ganinsa ya riga ya ƙuntata, wannan ƙasa kurkuku ce, kuma a wurin na ji kewar Arewa ta kama ni.

Wata mata mai sayar da abarba ta ga ina juya kwalbar maganina a hannu, ina neman inuwar da zan ɓoye ta. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata yaren. Ta dubi jajayen idanuna, ta miƙo hannu, ta karɓi kwalbar ta sa cikin kular ƙanƙararta, ta ture tirenta ta ba ni gefen benci. Da muka sami mota ta ciro ta, ta naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma ta ba ni, ta ƙi karɓar komai. Ko kallon Gado ba ta yi ba, kuma ina jin wannan ya ƙara mata daraja a wurina.

A Lome muka sauka zango, gidan Alhaji Bawa, mutumin Kore Mairuwa da ya yi shekara ashirin yana sayar da tayoyi a can. Hajiyarsa ta tuƙa mana tuwon hatsi da miyar kuka, da hatsin da aka aiko mata daga gida. Loma ta farko na ji hawaye, na ce maganin ido ne.

Amma ko a nan ban huta ba. Labari ya riga mu isowa, wai ga malamin da haske ya warkar. Bayan la'asar Alhaji ya shigo da wani dattijo mai ciwo irin namu don Gado ya ba shi shawara. Gado ya gyara zama, ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, "Baba, kada ka ji tsoro. Sau guda aka yin shi, shi ke nan. Dube ni. Shekara huɗu ko ɗigo ban sa ba."

Na ce, "Ƙarya ne, Baba. Ƙarewa shika yi. Ga ni nan, nawa ya ƙare."

Gado ya ce, "Wanga ko ruwan zamzam anka zuba mai sai ya ƙi shi."

Zauren ya ɗauki dariya, har dattijon. Alhaji ya dafa gwiwata ya ce, "Nomau, ka rage. Ko cikin wasa, abin da Allah ya ba ɗan'uwanka ka taya shi murna." Na sunkuyar da kai. Abin haushin shi ne Alhaji bai yi kuskure ba, ni ma ban yi ba.

Kwana biyu muna zuwa asibitin kafin layi ya zo kanmu. Aka fara da awon nan da na tsana. Ka sa kanka cikin wani abu kamar farar ƙwarya, a rufe ido ɗaya, a ba ka maɓalli, in ka ga ɗan haske ya ƙyalla ka danna. Akwai lokacin da za ka daɗe ba ka danna ba, kana jin injin yana aiki, ka san ana ƙyalla wutar ne a inda ba ka da ido. Bayan nan suka buga takarda, wurin da ya mutu ya fito baƙi.

Likitar ita ce dai ta wancan karon, ta ɗan yi furfura. Gado na tsaye yana fassara. Ta ce baƙin ya ƙaru kaɗan, amma da yake ban yi wasa da awo da ɗigo ba, ba a yi asara mai yawa ba. Ta ce za ta maimaita hasken. Yana iya riƙewa kamar na farko, yana iya fi, yana iya kasawa, ba za ta yi mini alkawari ba.

Na ce wa Gado, "Tambaye ta. Don mi nawa ya ƙare naka bai ƙare ba? Rana guda anka yi muna."

Ya tambaya yana murmushi. Ta ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Ta ce ijiya ba guda ba ce, kowa da tashi. Ta ce ba ta rage maka komi ba, in shi kaka tunani." Shi nake tunani kuwa. Kusan shekara uku ina zargin ta fi ba shi wuta don yana jin yarenta.

Sai na ga ta juya gare shi ta yi masa wata tambaya. Ya amsa da sauri, na tsinci kalmar Yamai a ciki, ta gyaɗa kai ta koma kan takardata.

"Mi tac ce?"

"Ta ce yaushe rabona da awo."

"Kac ce mi?"

"Na ce ana auna ni Yamai. Zamna, makaho, kada ka ɓata ma mutane lokaci."

Na zauna. Aka ɗiga mini maganin kashe zafi, na ɗora haɓa a kan ƙarfen, ta manna wani gilashi mai sanyi a ƙwayar idona. Koren haske ya fara walƙiya, injin yana ƙas, ƙas, ƙas. Ba zafi, sai ɗan tsikari can ciki. Ko minti goma ba a yi ba aka gama duka biyun. Duk tsawon lokacin ba idona nake tunani ba. Ƙaryar da Gado ya yi nake juyawa, don ban taɓa jin ya yi ƙarya ba dariya a ciki ba sai ranar.

Tana rubuta mini takardar magani, idona na zubar da ruwa, komai dishi-dishi. Gado ya ɗauki jakarsa zai nufi ƙofa, gwiwar hannunsa ta hagu ta share wani faranti na ƙarfe daga kan tebur, kayan ciki suka watse. Ya ce wa ma'aikaciyar jinyar da ke wurin ba a ajiye kaya a hanya. Na san in muka fita ƙofar nan shi ke nan, ba zai sake zama gaban injin awo ba sai an jawo shi da sanda.

Ba zan yi ƙarya in ce tausayi ne zalla ya tashe ni ba. Akwai tausayi, don tare muka ga yadda kakarmu ta ƙare a jingine da bango. Amma akwai kuma son matar nan ta gani da idonta cewa ba ni kaɗai haske ya ƙi ba. Har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Na ce, "Gado, gaya mata ta auna ka yanzu."

Ya juya ya faɗa mata wani abu mai tsawo, yana nuna ni yana nuna kansa. Na gane bayanin taubasantaka yake yi mata, malami ya sami ɗaliba. Ta yi murmushi ta dube ni irin kallon da ake yi wa tsoho mai barkwanci. Ba ni da bakin da zan yi mata magana sai nasa.

Sai na miƙe, na lallaba na zagaya ta hagunsa, na tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. Na ɗaga hannu daidai kuncinsa na kaɗa yatsu. Yana kallon likita yana ta zuba. Na tuɓe hulata na riƙa kaɗa ta sama da ƙasa, kusa har iskarta na motsa gashin gemunsa. Bai ƙifta ba. Na ga murmushin matar nan ya ɗauke. Ta ajiye alƙalami, ta faɗi kalma biyu, ta nuna masa kujerar da na tashi.

Ya juyo gaba ɗaya, da kafaɗa, ya gan ni da hula a hannu. "Mi kaka yi nan?"

Na mayar da hulata. Likitar ta sake nuna kujerar, wannan karon ba da fara'a ba, ya zauna.

Awa guda aka yi da shi. Ina zaune a benci a waje ina jin injin farar ƙwaryar nan, ina jin dogon shirun da ke tsakanin danna da danna. Da aka kira ni ciki, takardu biyu ne a gabanta. Ba sai an iya karatu ba. Ta hagun baƙa ce ƙirin, sai ɗan fari a tsakiya kamar ƙwayar wake. Ta daman ta fara yin baƙi daga sama.

Tana magana a hankali, Gado na kallon tebur. Na ce, "Mi tac ce?" Bai fassara ba. Ma'aikaciyar jinyar ce ta matso, ashe tana jin Hausar zango. Ta ce, "Baba, likita ya ce wutan da an yi mashi ya gama aiki tun da daɗewa, shi bai sani ba. Wanda ya tafi ba ya dawowa. Na dama za a iya tare shi, gobe za a yi mashi wuta, ya fara magani. Ya ce da ya zo bara, da an tare mashi da yawa a na hagu."

Kusan shekara uku ina jiran wannan rana. Na sha tsara ta a raina, har abin da zan ce na tanada. Ga ta ta zo, na nemi daɗin nan na bakin kogi na rasa. Kuma don ku san ƙyashi ba ya mutuwa da sauƙi, a tsaye a wurin sai da na karkata kai na gwada takardarsa ta dama da tawa, na ga har yanzu tasa ta fi fari, na ji ɗan tsinin nan ya soke ni.

Muka fito da azahar. Titin gaban asibitin cike yake da 'yan kabu-kabu, suna fitowa ta ko'ina. Gado ya tsaya a bakin kwalta, takardun a hannunsa, bai tsallaka ba.

Ya ce, "Nomau."

Na ce, "Na'am."

"Tun yaushe kag gani?"

Ina iya cewa Gaya. Kwana biyar ne kawai, ba wanda zai zarge ni. Amma ya yi tambayar ba wasa a ciki, kuma a shekara sittin wannan ne karo na farko.

Na ce, "Tun bara da kaka. Ran sunan jikanka. Ɗiyarka ta miƙo maka ƙwaryar hura ta hagu, ta daɗe tsaye, ba ka karɓa ba."

"Kuma kas san ko mine ne."

"Na sani."

Ya ninke takardun biyu, ya sake ninkewa.

Na ce, "Ai na hwaɗa maka. Sau nawa nika hwaɗi?"

Ya ce, "Ka hwaɗi gaban mutane, kana dariya. Ka zaci ban lura ba? Ni ka buge ƙohwa, ba kai ba. Tsoro nika ji, Nomau. Duk Dogon Kiriya kai ɗai ka san ciwon ga. Na yi ta jiran ka zo gida, ka zamna, ka gaya mani ba da dariya ba. Ko sau guda. Da na bi ka."

Ina tsaye ta damansa, inda yake ganina sosai, ya dube ni da idon da ya rage masa har sai da na kawar da kai. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce ta ɗaya gefen, ya kusa tafiya da rigarsa.

Ya ce, "Koma hagu."

Na zagaya na tsaya.

Ya laluba ya kama hannun rigata. "Nan ne babu ijiya, ka tsare mani shi. Kuma yau ba ni son ganin huskarka."

Na duba dama, na duba hagu, na juya da kafaɗa yadda ciwon ya koya mini, na ce masa mu tafi. Muka tsallaka.